Maficin da Ke Cikin Jakar Aikina

Duk wanda ya zo koyon aiki wurina, ranar farko nakan zazzage masa jakata a kan tebur. Ga ordinatar tsohuwa, wato kwamfuta, ga filayar matse kan waya, ga turnabis, ga buroshin haƙori da ya gama aikinsa na farko, ga farin salatif na rubuta sunan waya. Ga wata waya shuɗiya faffaɗa kamar tsirkiya, wadda ba na ba kowa aro. Daga ƙarshe sai mafici na kaba ya faɗo, gefensa ɗinke da jan ƙyalle. A nan suke dariya. Makon jiya ma wata yarinya ta ɗaga shi ta ce, "Tanti Zuwera, wannan fa? Shi ma na rezo ne?"

Na ce mata na rezo ne, wato aikinmu na haɗa na'urori su yi magana da juna. Ta zaci wasa nake.

Ku yaran yanzu kuna ganin aikin suwic zaman biro ne, wato ofis. Kun ga akwati mai bakuna a jere, fitilu suna ƙyaftawa, kun ce ai cusa waya ne kawai. Gaskiya ne duk wayar da ta fito daga ordinatar, ko tarho, ko eriyar da ke kan rufi, bakin suwic take shiga. Amma shi ne ke yanke wa zai yi magana da wa, kuma bai san komai ba sai abin da ka rubuta masa. Wannan rubutun shi muke kira tsari. A ƙarƙashin tsarin kuma akwai lojisiyel, wato hankalin da na'urar ke tashi da shi duk lokacin da aka kunna ta. Tsari ya lalace, gida ya rikice. Lojisiyel ya lalace, akwatin ya koma ƙarfen banza mai fitila ɗaya.

Aikina na farko a wurin Kawu Isufu, ƙanen mahaifiyata, shara ce. Ina lise, wato babbar sakandare, a Tasawa lokacin, kuma shi kaɗai ne ke kula da rezon wasu ofisoshi da gidajen likita daga Tasawa har ƙasar Mayahi. In an tashi daga lakwal sai in wuce shagonsa. Ni ba mai magana ba ce. A aji ma, in malam ya kira sunana, muryata maƙalewa take yi. Kawu ya ce hakan ya yi masa daidai, don ya gaji da yara masu baki. Ya miƙo mini buroshi da wani suwic da aka kawo daga Kona wai ya mutu. Na duƙa ina leƙa bakunan ɗaya bayan ɗaya, sai na ga uku a toshe da laka. Zanzaro ne ya yi gini a ciki. Na ƙwaƙule, na hura, aka kunna, ya tashi lafiya.

Kawu ya ce, "Kin gani? Rabin ciwon na'ura a ƙasar nan ba a cikin littafi yake ba."

Sai da na daɗe ina shara da rubuta suna a kan wayoyi kafin ya bar ni in taɓa tsari. Ranar da ya bar ni, ya sa na raba bakunan wani suwic gida biyu, kamar yadda ake kewaye tsakar gida da zana: masu karɓar baƙi a gefe, masu ajiyar magani a gefe, kada wani ya leƙa na wani. Na yi, ya yi aiki. Ina cikin jin daɗi sai ya miƙa ƙafa ya fizge wayar wuta. Da suwic ɗin ya sake tashi, babu ko alamar abin da na rubuta.

"Kin gaya masa, amma ba ki ce ya riƙe ba," in ji Kawu. "Tsari biyu gare shi. Akwai wanda yake aiki da shi yanzu, akwai wanda ya ajiye. Wuta ta ɗauke, na ajiye kaɗai yake tunawa."

Wannan darasin ku ma kun sha shi ba da daɗewa ba, da sojoji suka sake karɓar mulki aka yanke mana kuran, wato wutar lantarkin da ke zuwa daga Najeriya. Ofis nawa aka kira ni wai rezo ya haukace? Ba hauka ba ce. Wani ne ya yi gyara tun bara bai ajiye ba, wuta ba ta taɓa ɗaukewa ta tona shi ba sai lokacin.

Amma kuma akwai lokacin da ƙin ajiyewa shi ne dabara. Wata rana Kawu na gyara wani suwic da ke Hawandawaki daga nan shago, ta cikin rezo. Kafin ya canja komai sai ya umarce shi ya kashe kansa ya sake tashi nan da ɗan lokaci. Na tambaye shi dalili. Ya ce, "In na yi kuskure na rufe wa kaina ƙofa, wa zai shiga rairayin nan da moto ya buɗe mini? Ke? Gara ya farka da tsohon tsarinsa, in sake shiga." In gyaran ya yi kyau sai ya soke umarnin, sannan ya ajiye. Har yau haka nake yi.

Masu aiki kuwa iri-iri ne. Akwai wanda zai rantse maka bai taɓa komai ba, alhali ga wayar cajin tarhonsa nan a rataye. Akwai wadda ta ga waya na lilo a ƙasa, ta tausaya mata, ta cusa kawunanta biyu cikin suwic ɗaya don a gyara wuri, saƙo ya yi ta zagaye har rezon gidan duka ya shaƙe. Kawu ba ya faɗa da su. Yakan ce mutum bai lalata abin da bai damu da shi ba.

Yanzu bari in zo kan mafici.

Shekarar da nake ajin ƙarshe a lise ita ce mugunyar shekara. Damina ta yanke tun gero bai yi ido ba, rumbuna suka kwana wayam, kafin a yi nisa cikin rani kuma sojoji suka karɓi mulki a Yamai. Masu ba da taimako daga waje suka ja hannu suna jiran ganin yadda za ta kasance. Duk na'urar da ta mutu ta mutu ke nan, babu mai aiko da wata. Kawu ya fara kwance matattun suwic yana ciro fanka daga wannan ya sa wa wancan.

Akwai wani ɗan gidan likita a wani ƙauye can bayan Atantane, cikin kwari, inda tarhon hannu ba ya kamawa. Wata ƙungiya ta taɓa kafa musu eriya da tarho mai bi ta rezo, da faifan hasken rana da batir. Da wannan tarhon majo, wato shugaban ma'aikatan jinya na wurin, yake kiran Mayahi in abincin yara masu tamowa ya kusa ƙarewa, ko in ana bukatar motar ɗaukar maras lafiya. A shekarar nan kuwa yara masu tamowa ba sa yankewa a ƙofarsa. Suwic ɗin wurin ya ɗauki wani hali: yana cikin aiki sai ya sandare, sai an zare wuta an mayar. Kawu ya bincika ya gano aibi ne a lojisiyel ɗinsa, kuma ya samo sabon da ke gyara shi. Sai dai Kawu ya faɗi da moto, wato babur, a hanyar Kona, ƙafarsa na ɗaure. Ya kira mahaifina suka yi magana, ya kira ni.

"Wanga aiki kin yi shi a gabana ba sau ɗaya ba," ya ce. "Abu guda za ki riƙe. Cikin wannan suwic ƙarami ne, ba ya ɗaukar lojisiyel biyu. Dole ki share tsoho kafin ki zuba sabo. Tsakanin sharewa da gama zubawa, ba shi da abin tashi. Kada wuta ta motsa a tsakanin nan. Kin ji ko?"

Na ce na ji.

Motar da ke kai abincin yara ƙauyuka ce ta ɗauke ni da sassafe. A shingen sojoji da ke bakin gari wani soja ya buɗe jakata, ya zaro shuɗiyar wayar nan yana jujjuya ta. Ya ce ta mece ce. Na ce ta magana da na'ura ce. Ya ce, "Ke da ko gaisuwarki ba a ji, na'ura za ta ji ki?" Abokansa suka yi dariya, ya mayar mini. Motar ta sauke ni da hantsi, ta wuce gaba, ba za ta biyo ta nan ba sai washegari.

Majo Haruna ya nuna mini ɗakin ya koma wurin marasa lafiya, don layin mata ya kai har gindin aduwa. Ɗakin ƙarami ne, rufin kwano, zafi kamar tanda. Na lura da mahaɗin wuta guda a ƙasa mai ramuka huɗu: firigon allurai, eriya, suwic, sai ɗaya da babu kowa, na cusa ordinatar ɗina a ciki. Mai gadin wurin, wani dattijo da ake kira Baba Nomau, ya biyo ni da tabarma da kwanon ruwa da gumba a ciki.

"Sannu da hanya, ɗiyata. Zauna ki sha ruwa tukuna."

Na ce, "Na gode Baba, bari in fara aikin, rana na yi."

Ya ajiye kwanon ya tsaya yana kallona. Na kwafe tsarin suwic ɗin na adana a ordinatar, na duba batir na ga a cike yake, na yi bisimilla na share tsohon lojisiyel. Na fara zuba sabo. Gumi na ɗiga daga haɓata a kan madannai. Na ji Baba Nomau ya ce, "Kai, baƙuwa cikin wanga zafi," ya fita. Idona na kan lambobin da ke hawa a allo. Sun wuce rabi. Sai na ji iska mai sanyi ta bugi bayan wuyana, a daidai lokacin kuma lambobin suka tsaya.

Na waiwaya. Baba Nomau na tsaye yana murmushi, ya ɗauko fankar ɗakin majo ya kunna mini. Wayar wutar suwic na kwance a ƙasa kusa da ƙafarsa.

Ba da ka ya zaɓa ba. Ya san ba a taɓa firigo. Ya san eriya ta majo ce. Ya ga ina aiki da ordinatar. Wannan akwatin kuwa shi da kansa yake zare masa wuta duk lokacin da ya sandare, majo ne ya koya masa, kuma kullum warkewa yake yi. A saninsa, duk ɗakin babu wayar da ta fi ta rashin haɗari.

Na zare ordinatar ɗina, na mayar da wutar suwic a raminta. Fitila ɗaya ta kama, ruwan goro, ta tsaya a haka. Sauran bakunan duka duhu.

Ban kai ga cewa komai ba sai ga Majo Haruna ya shigo da sauri ya ɗaga tarho. Ya saurara, ya bubbuga, ya dube ni. Ya ce wata Bafillatana ta iso da ɗanta a kan jaki daga rugarsu, yaron ya daina karɓar ko ruwa, abin ya fi ƙarfin nan, dole motar Mayahi ta zo ta ɗauke shi yau. Na gaya masa abin da ya faru da na'urar, ban ambaci wanda ya zare ba. Bai bukaci in ambata ba, fanka na nan tana juyawa.

"Baba Nomau," ya ce.

Dattijon ya dubi fanka, ya dubi akwatin, ya cire hularsa ya riƙe a hannu. "Majo, ni na yi. Na ga yarinya na gumi."

Moton gidan likitan babu esans, wato fetur, a ciki, ƙauyen duka ma babu. Majo ya tambaye ni ko akwai abin yi. Na ce akwai hanya ɗaya. Suwic ko ya rasa lojisiyel, akwai wani ɗan guntun hankali da ke saura can ƙasa, wanda ba ya jin magana ta kowane baki sai ta shuɗiyar wayar nan. Ta nan ana iya ɗura masa lojisiyel, amma kamar cika randa ne da cokali. Abin da rezo ke yi kafin a gama shan shayi, wannan sai ya ci yini.

"Zai ƙare kafin rana ta faɗi?"

"In babu abin da ya katse shi. In ya katse, daga farko za a koma."

Ya ce in fara. Ya koma ya ɗaura wa yaron ruwa.

Na haɗa shuɗiyar waya, na ɗaga saurinta iyakar yadda Kawu ya nuna mini tana ɗauka, na fara. Na kashe fanka na zare ta don a rage wa batir nauyi, na mayar da ordinatar a ramin. Ranar da ta ƙone geron mutane ita ce ke ba mu wuta, kuma ranar nan ba ta yi rowa ba. Amma da azahar ta yi, kwanon rufi ya ɗau zafi har yana ƙara. Na taɓa bayan suwic na janye hannu. Ordinatar ɗina ta fara huci, kuma na san halinta, in zafi ya yi mata yawa kashe kanta take yi ba sallama. In kunna fanka, babu ramin da zan cusa ta sai na zare wani abu.

Baba Nomau bai bar bakin ƙofa ba tun ɗazu. Ya ce, "Ɗiyata, mi ya faru kuma?"

Na ce zafi ne zai kashe na'urar.

Ya tafi ya dawo da mafici. Ya zauna a ƙasa, ya tanƙwashe ƙafa tsakanin mahaɗin wuta da ƙofa, yadda babu mai isa ga wayoyin sai ya tsallake shi, ya fara yi wa ordinatar da suwic fifita. Hannun dama ya gaji ya koma hagu. Wata ma'aikaciya ta leƙo da tarhon hannu tana neman inda za ta yi caji, ya ce mata, "Ko Gwamna ne ya zo yau, ya haƙura." Da aka kira salla ya ce in je in yi, shi yana nan. Na dawo na karɓi maficin ya je ya yi tasa, ya dawo ya karɓe abinsa.

Can ya ce, "Ga gumbarki nan ta jiƙe tun safe. Da kin sha, ai da ban je neman fanka ba. Baƙo ya ƙi ruwa, sai mai gida ya rasa abin da zai yi da hannunsa."

Na ɗauki kwanon na shanye.

Ta taga ina hango uwar yaron a inuwar bango. Ta kwance ɗan kwalin kanta tana jiƙa shi a ƙwarya tana shafa wa yaron a tafin ƙafa. Majo yakan leƙo ya dubi allo, ko da yake lambobin ba su gaya masa komai, ya dube ni, in ce saura. Inuwar aduwa ta tsallake tsakar gida. Hasken da ke kan faifan rana ya fara ja baya, allurar batir ta fara sauka. Majo ya tsaya ya yi lissafinsa, ya ce firigo zai riƙe sanyinsa in ba a buɗe shi ba, ya zare shi da hannunsa, ya sa Baba Nomau ya shaida.

Bayan la'asar lambobin suka cika. Na mayar da saurin wayar yadda yake, na nuna wa suwic sabon lojisiyel, na ce ya tashi. Fitilar ruwan goro ta yi ta ƙyaftawa har na fara tunanin wani abu ya ɓace a hanya. Sai ta koma kore. Bakin eriya ya kama, bakin tarho ya kama. Tsarinsa na nan yadda aka ajiye shi, ban ma bukaci kwafina ba. Majo ya ɗaga tarho, na ji ƙarar shiga daga inda nake zaune.

"Alo, Mayahi? Haruna ne. Ku turo mota."

Baba Nomau bai daina fifita ba sai da na riƙe masa hannu.

Motar ta iso gab da magariba ta tafi da yaron da uwarsa. Daga baya majo ya gaya wa Kawu a wannan tarhon cewa an sallamo su, sun koma ruga. Suwic ɗin kuma bai sake sandarewa ba, ya yi shekaru yana aiki har aka kawo rezon tarhon hannu ƙauyen.

Washegari da zan hau mota, Baba Nomau ya cusa maficin cikin jakata. Na ce ai nasa ne. Ya ce, "Riƙe. Inda za ki gaba ma akwai zafi, kuma akwai irina."

Da na ba Kawu labari, ya yi dariya har ƙafarsa ta motsa ya yi ƙara. Ya ce shi duk tsawon aikinsa yana tsoron kuran ya ɗauke, yana tsoron batir, yana tsoron ɓera, bai taɓa sa karamcin mutane a lissafi ba.

To shi ya sa, ku da kuke bina aiki, kuke ganin in mun isa wuri ba na buɗe jaka. Kuna ta duba agogo, ni ina kan tabarma ina tambayar gida da gona da dabbobi. A kawo ruwa in sha, a kawo fanka a kunna, a gama duk abin da za a yi wa baƙo tukuna. Sannan in nemi wanda ya fi kowa kai da kawo a gidan, mai gadi ne ko mai shara, in kai shi gaban mahaɗin wuta, in nuna masa wayar, in ce, "Baba, wannan amanarka ce har in gama." Ban taɓa ba wani wannan amanar ya bari ko ƙuda ya sauka a kanta ba.

Gobe za mu Kona sauya lojisiyel. Ku ci abinci kafin ku zo, amma ku bar wurin gumba.